Ranar da Na Ɗaga Kai

Litinin, 6 ga Disamba 2010
Da kaina nake rubuta wannan, ba da hannu ba. Sanyin ƙashi ya tanƙware mini yatsu tun damina, ko maɓalli ɗaya ba na iya dannawa. Ƙanena Isma'ila ya zo da 'yar kamara daga Maradi, ya ɗora bisa kwamfuta. In na juya kai, kibiyar da ke kan allo ta bi. In na tsaya a kan harafi, ya fito. Wuyana kamar na ɗauko tulu daga rijiya, amma ga rubutu.

Laraba, 8 ga Disamba
Baba, mahaifin maigidana, shi ke da buron nan, ofishin buga takardu na bakin tashar Gazawa, inda nake aiki. Ya aiko wai in huta a gida, zai sa wani a kujerata kafin aikin zaɓe ya kankama. Kujerar da na shekara tara a kai! Hutun me?

Asabar, 18 ga Disamba
Na buga wa wani Chindo takardar kamfe ta neman konseye, wato kansila. Ya leƙa ƙarƙashin tebur wai ko da ƙafa nake yi. Na ce masa, "Leƙa da kyau, aljanina na nan." Duk tasha ta ji labari.

Talata, 21 ga Disamba
Kunya ta kashe ni yau. Baba ya zo ya gani da idonsa. Yana sallama na sunkuyar da kai yadda na saba, kibiya ta gangara ƙasa, ta danna abin da ban sa ta ba. Aikin safiya duka ya tafi. Ya tsaya a gabana, ni kuwa ina zan iya ɗaga ido? "To, na gani," kawai ya ce, ya fita.

Laraba, 22 ga Disamba
Ban taɓa kwamfutar ba. Na ji haushin kaina.

Lahadi, 2 ga Janairu 2011
Isma'ila ya ce abu mai sauƙi ne, in dubi Baba kawai. Shi da bai san suruki ba! Tunda aka kawo ni gidan nan, takalmansa na sani, ba fuskarsa ba. Maigida ya ce ranar Asabar sabon yaron da za a sa a kujerata zai fara.

Alhamis, 6 ga Janairu
San Baba ya ɓace, jan bijimin nan mai karyayyen ƙaho. Ya shigo a gaggauce, yana son sanarwar da za a kai rediyo, babu kowa a buro sai ni. Ya tsaya bayan kwamfuta, daidai inda kamara take. "Ɗiyata, in za ki iya."
Na ɗaga kai. Kibiya ba ta kauce ba. Ja, ƙaho ɗaya, kiwon garin Gangara. Ko harafi ban ɓata ba.
Ashe furfura ta cinye gemunsa. Ashe idanun ɗiyata Latifa nasa ne.
Da na kai tsakiya, shi ne ya sunkuyar da kansa, yana ta faɗa wa tabarma sauran bayanin.

Asabar, 8 ga Janairu
Yaron bai zo ba, ba wanda ya ƙara tada maganar. An samo san a garin Cadawa. Baba ya biyo da safe, na gaishe shi a durƙushe kamar kullum. Sai dai ban tuna wane takalmi ya sa ba.