Ɗakin Kallo a Gidan Zahir

Makka, farkon Rajab

Yaya Kabira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Alhaji da yara, da bayan nan naki da ba ya jin magani. Mu ma lafiya lau. Nuf ta fara magana, rabi Hausa rabi Larabci, kuma duk umarni ne.

Ina rubuta miki wannan a zaune kan buhun siminti, Abban Nuf na tsaye a kaina yana bayani. Tun ɗazu yake yi, ya ɗauka maganarsa nake rubutawa. Cewa yake a duk unguwar Zahir babu gida mai ɗakin kallo irin namu, wanda ya shiga ba zai fita ba sai an yi ciniki.

Kin san hutun da ya ɗauka daga aikinsa na Riyad don ya gwada sana'ar sayen tsohon gida a gyara a sayar. To, mun sayi na farko. Hutun zai ƙare da ganin watan azumi. In gidan ya fita kafin nan, zai ajiye aikin ya zauna a Makka. In bai fita ba ya koma, mu kuma mu koma zaman da kika sani, miji a cikin waya. Ban gaya masa wanne nake so ba. Na dai sayar da awarwarona na zuba a gyaran, mai hankali ya gane.

Gidan ba laifi, sai dai mai shi na da ya ɗauki majalisar maza, ɗakin da kowane ɗan Makka ke fara leƙawa, ya toshe tagoginta, ya shafe bangon da baƙin fenti, ya gina ƙasan hawa-hawa kamar ɗakin laccarmu na jami'a. Ya shimfiɗa baƙin kafet, ya jera kujerun fata. Kina danna maɓalli kujera za ta kwantar da ke ta ɗaga miki ƙafafu. Allon kallon kuwa ya cinye bango guda. Na ce a rushe. Abban Nuf ya dube ni kamar na ce a rushe gidan marayu.

Sai batun daɓe. Shi na katako yake so, ya gani a wayarsa, ina jin a wata ƙasa mai sanyi. Na tambaye shi yadda mahaifiyarsa ke wanke gida. Ya san amsar: matan nan ba sa bin ƙasa da tsumma, bokiti suke juyewa, ruwa ya malala ɗaki-ɗaki, a kora shi waje da abin tura ruwa. Katako zai kumbura kafin Babbar Salla. A ƙarshe mun raba iko. Daɓen gida nawa ne, na zaɓi marmara mai ruwan ƙasa wadda ba ta da santsi. Ɗakin kallo nasa ne, ba mai taɓa masa. Kowannenmu yana ganin shi ya yi nasara, shi ya sa muke zaune lafiya.

A gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Rumasa'u

Makka, farkon Sha'aban

Yaya Kabira,

Sallama da fatan alheri. Yaya jiki, yaya makarantar yara? Yajin da kika aiko ya iso, surukata ta kwashe rabi ta ce ɗanɗanawa za ta yi.

An gama gyara, masu dubawa sun yi ta zuwa. Maza suna shiga ɗakin kallo, su kwanta, su roƙi a sa musu ƙwallo, su sha shayi, su ce masha Allah, su tafi. Na gaya wa Abban Nuf mun buɗe gidan kallo na sadaka, Allah ya ba mu lada.

Wanda ya zo da niyyar saye shi ne wani Bandar, ma'aikacin asibiti, da mahaifiyarsa Hajiya Hajara. Kakanninta daga Sakkwato suka tako a ƙasa, har yau Hausarta irin ta can ce, Larabci ya cika gurbin abin da ya zube. A unguwar Mansur suke, can saman bene, gwiwoyinta kuma sun gaji da matakala. Ta ce mini Harami ma ta daɗe ba ta je ba, don ba ta son a tura ta a keke kamar kayan miya. Ta cire takalmi, ta goga tafin ƙafarta a marmarata, ta tambayi wanda ya zaɓa. Da na ce ni ce, ta ce ɗiyar nan ta san aikin gida. Digirina bai taɓa samo mini yabo mai daɗin wannan ba.

Muka shiga ɗakin kallo. Bandar ya zaunar da ita ya danna maɓalli, kujera ta kwanta, ƙafafunta suka yi sama. Har dariya ta yi. Can ta duba hagu da dama, babu taga, babu alamar komai.

"Ya waladi," ta ce wa Abban Nuf, "ina Harami daga nan?"

Mutumin da aka haifa a garin nan ya tsaya yana juyi, ya nuna ƙofa, ya tuna titi, ya bi da yatsa a hankali. Yatsan ya tsaya a kan allo, daidai inda tafin ƙafafunta ke kallo.

"Sabke ni," ta ce.

Ba ta yi faɗa ba. Ta yi mana godiya, ta sa wa Nuf albarka, suka tafi. Kin san ko mu a Kano ba a bar mu mu miƙe ƙafa gabas ba, balle tsohuwar da Ka'aba ke maƙwabciyarta. Abban Nuf ya tambayi wani malami, aka ce masa ladabi ne, ba haramci ba. Na ce madalla, a tambaye shi ko yana neman gida.

Labari ya zaga Mansur, masu dubawa sun ɗauke ƙafa. Juya kujerun ba zai yiwu ba, ginin ƙasan ya riga ya fuskanci allo. Yanzu shi da kansa ya kira masu rushewa, ya ce ni ce da gaskiya. Na daɗe ina jiran wannan magana, da ta zo ba ta yi mini daɗi ba, don rushewa da sabon daɓe za su kai mu tsakiyar azumi. Jiya na ga ya sauko da akwatinsa na Riyad yana kaɗe ƙura.

A sa mu a addu'a.

Taki,
Rumasa'u

Makka, ƙarshen Sha'aban

Yaya Kabira,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina shirin azumi? Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Ba a rushe ɗakin ba, kuma ni na hana. Ki gama dariyarki sannan ki ci gaba.

Ana gobe masu aiki za su zo, na je da rana in auna ƙasan don sayen marmara. Na gaji, na zauna a kan matakalar ɗakin kallon, na kunna allon ina canza tasha, sai na faɗa kan tashar nan da ke nuna Harami kai tsaye. Yaya, ɗawafi ya cika bango, mutane kusan tsayina, kuma Ka'abar da ke allon tana daidai inda ta gaskiya take. Na duba kaina, ga ni zaune ƙafafu a ƙasa, fuskata ga alƙibla, irin zaman da ake koya wa yaro. Ashe ɗakin ba shi da laifi, kujerun ne marasa kunya.

Muka fitar da su, muka sa masu tsayayyen baya da hannu, waɗanda tsoho zai dafa ya tashi. Baƙin kafet ya tafi, na shimfiɗa kore mai laushi, bango ya koma fari. Na bar fili a gaba inda mutum zai yi salla. Sannan na hau benen Mansur da kaina, na roƙi Hajiya ta sake zuwa. Ta ce don marmarar za ta zo.

Ta zauna a kujerar gaba, na kunna. Carbinta ya tsaya a hannunta. Can ta ɗaga sandarta ta nuna wani gefe.

"Nan babana ka zama bayan la'asar," ta ce.

Bandar ya matso ya tambaya a hankali ko allon na kama tashar ƙwallo. Ta ce ai yana da waya. A nan ciniki ya faɗa, sauran duk aikin dillali ne.

Abban Nuf yanzu yana bin mutane yana cewa tun farko ya faɗa ɗakin kallon ne zai sayar da gidan. Abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Ya aika wa Riyad cewa ya ajiye aiki. Da ya gaya mini, na ce to, na tambaye shi ko ya sayo burodi. Ya tsaya yana kallona yana murmushi, har sai da na shige kicin.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata bana da surukinta za mu yi buɗa-baki har Salla. A gaishe da Alhaji da yara.

Wannan a gidan Zahir nake ƙarasa ta, a tsaye. Bandar ya karɓi makullai, Hajiya tana ciki tun safe, ba ta ma san ina nan ba. Abban Nuf na waje yana danna mini hon, wai akwai wani gida a unguwar Ka'akiyya da ba zan yarda da kyansa ba sai na gani. Yanzu dai na leƙa na yi mata sallama, ta amsa ba ta waiwayo ba. Bari in ja musu ƙofa a hankali in tafi.

Ƙanwarki,
Rumasa'u