Kukan Jirgin Kano

Zuwa ga ƙanena Isufu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya kasuwa, yaya zaman baƙunta? Mu nan Maraɗi jiki lafiya, sai dai zuciya.

Ɗan Bawa na Jiratawa ya rasu, abokina tun muna kiwon awaki. Ka san idonsa ya daɗe da tafiya. Ranar da na karɓi takardar izinin kumandan, Baturen mulkinmu, zan raka gyaɗa Kano, ƙasar Ingilishi, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne idona. Ka kalli jirgin ƙasa da kyau, ka zo mini da shi."

Na kuwa kalla. Na hau Dala, na zaga Kurmi, amma kwana uku a tasha na yi su. Na ƙirga ƙafafun jirgin, na shafa ƙarfensa har ɗan doka ya kore ni. Kukan jirgin ma na koya. A hanyar dawowa ina bisa jaki ina ta gwadawa, fatake na dariya, wai tsoho ya zare.

Da muka iso Jiratawa na ratse gidansa. Tabarmi na tarar a ƙofa, ana sadakar uku.

Ka sa shi a addu'a, ka gai da mutanenmu na can. Ni ma ka roƙa mini haƙuri, Isufu. Kukan nan na nan a maƙogwarona, ban san wa zan yi wa ba.

Yayanka,
Mamman