Tun da Kuka Ɗauke Ni Hoto a Layin Abinci, Ɗana Ya Daina Zuwa Gida

Zuwa ga Mushe (wato Malam) Darakta na gidan rediyon da ke watsa labarin kokawa a Difa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Sunana Falmata, ina zaune a Gagamari. Ni ce mahaifiyar Kyari, ɗan kokawar da kuke kira kullum a shirinku. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, amma maganar tawa ce.

Na ɗaya. Ranar rabon abinci ma'aikacinku ya same ni a layi da katina a hannu. Bai gaishe ni ba, bai tambaye ni ba, ya ɗaga wayar salula ya ɗauke ni hoto. Kashegari kuka sa hoton a shafinku, kuka ce zakaran Difa ya bar uwarsa tana bara.

Na biyu. Ba bara nake ba. Mun gudo daga garinmu a bakin Komadugu, mun bar gonar tattasai ba mu tsinka ba. Kowa a unguwarmu yana da katin nan. Ɗakin da nake kwana Kyari ya gina shi da hannunsa, shi ke sayen maganin ƙafata. Da an tambaye ni, da na faɗa.

Na uku. Bayan haka ya shiga fili, yana kama abokin karawarsa, ƴan kallo suna yi masa ihun ya je ya ciyar da uwarsa. An kayar da shi. Ya zo gida ya zauna gabana, ya kasa ɗaga kai, a bakin ƙofa kuma samari biyu daga gidan rediyonku da salula suna jira ya fito. Da safe ya tafi Damagaram. Wata bakwai ke nan.

Yakan kira ni, amma gajeruwar gaisuwa ce, sai ya ce kar in damu. Da, duk Juma'a yakan zo, ya ci tuwo da miyar busasshen kifi, ya miƙe kan tabarma ina shafa masa mai a kafaɗa, yana ba ni labarin wanda ya kayar. Har yau ina dafa miyar fiye da cina, in raba wa yaran maƙwabta.

Mushe Darakta, abin da ya yi a fili naku ne, ku yaba ko ku kushe. Gidana da layin abincina ba filin kokawa ba ne.

Ina roƙonka ka cire hoton, ka hana ma'aikatanka zuwa ƙofata. Sannan na san yana sauraren shirinku ko daga ina yake. Ku faɗa masa ban taɓa jin kunyarsa ba, kar ya ji tawa. Ya zo gida, ko bai ƙara yin kokawa ba.

Allah ya raya maka zuri'a, ya bar maka su kusa da kai.

Wassalam.

Falmata, uwar Kyari
Gagamari