Auta Tana Kirana Umma

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba na nan wurinku da yara duka. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan mun gode Allah. Baba yana fita da motarsa kullum, Yaya ya koma gareji, Auta ta ƙara wayo da surutu. Ƙanwarki Umma ma jikinta da sauƙi, an cire mata robobin nan masu fitar da ruwa, ɗinkin kuma ya kama. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Duk sanda kika kira aka miƙo mini waya ba na iya cewa komai sai lafiya lau, saboda kowa yana zaune yana ji, ga shi kin san ni da nauyin baki. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Inna, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Auta ta daɗe tana kirana Umma, kuma ni daɗi nake ji. Farkon da ta fara muna bayan gida ina yi mata wanka, sabulu ya shiga idonta, ta riƙe wuyana ta faɗa. Na waiga ban ga kowa ba, ban kuma gyara mata ba. Daga baya idan muna kusa da mutane ta buɗe baki, sai in yi sauri in ja ta waje ko in sa mata wani abu a baki. Kin tuna tana shan nono aka gano cutar dajin nan a nonon Umma na dama, aka yaye ta rana ɗaya aka ɗora mini ita a baya, daidai lokacin da na gama firamare. Duk watannin da Umma ta yi tana karɓar maganin da ya zubar mata da gashi, da lokacin da aka cire nonon, a bayana Auta take barci, a hannuna take cin abinci. A gabana ta fara tafiya, ranar Umma tana asibiti. Ban taɓa samun abin da yake nemana haka ba a duniya. Ni da ko a makaranta ba a tuna ina cikin aji sai an zo kiran suna.

Ban sani ba ko an yi miki bayanin aiki na biyun da kyau. Likita ya ɗebo fata da kitse daga cikin Umma, ya gina mata wani nonon a inda aka cire. Ita ta zaɓa da kanta, ta ce ta gaji da cusa tsumma a riga tana kame-kamen mayafi a gaban mutane. Amma ba mu san wahalar za ta kai haka ba. Ta dawo gida da ciwo biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki daga wannan ƙugu zuwa wancan, tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa, ga robobi suna reto a jikinta da 'yan kwalabe a ƙarshensu. Rigingine kawai take kwanciya, da matashi a ƙarƙashin gwiwa. An hana ta ɗaukar abu mai nauyi, ko buta a cike. Washegarin dawowarta Auta ta ruga da gudu ta faɗa jikinta, hannunta ya sarƙe robar cikin. Umma ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, Baba ya daka tsawa, ni kuma na fizge yarinyar. Allah ya tsare babu abin da ya tsinke. Amma tun daga ranar na shiga ce mata kar ki taɓa, ciwo, kar ki je can, ciwo. Safe da yamma haka nake faɗa mata, don ina tsoro. To ta ji magana. Yanzu an cire robobin amma ko ƙofar ɗakin ba ta ƙetarewa. Takan tsaya ta leƙa, ta nuna gadon da yatsa ta ce ciwo, ta dawo ta shige cikin zanena.

Akwai wasu mata da Umma ta haɗu da su a asibiti, duk irin aikinta aka yi musu ko ake shirin yi musu. Suna kiran kansu 'Yan Benci, saboda a dogon bencin ƙofar likita suka san juna. Babbarsu Maman 'Yan Biyu, wata doguwa mai faɗin murya, aikinta ya shekara biyu. Ita ce ta ja Umma bayan labule kafin tiyata ta buɗe mata nata sabon nonon ta gani, ta ce taɓa ki ji, ba ya cizo. Sai Mai Keke, tela ce, ita take ɗinka musu riguna masu maɓalli a gaba da aljihu daga ciki inda ake saka kwalaben nan. Sai wata Malama mai sanyin magana da hannunta na hagu yake kumbura. In sun haɗu ba su da aiki sai tsokanar juna. Suna kiran sabon nonon baƙo, su tambayi juna ya baƙonki ya kwana. Suna cewa Umma ta ci riba, an kwashe mata tumbi kyauta, masu kuɗi biya suke yi. Malama ba ta ɗaukar kaya da hagu, Mai Keke ba ta ɗauka da dama, sai su kama jaka ɗaya su ce su biyun sun haɗa mutum guda. Ni kunya nake ji in suna irin wannan hira, in sunkuyar da kai in yi ta wasa da yatsuna. Amma a wurinsu kaɗai nake jin dariyar Umma, tana yi tana dafe ciki tana roƙonsu su bari kar ɗinki ya farke.

Makon da ya wuce suka zo gida duba ta. Na shimfiɗa musu tabarma a ɗakin, na kawo ruwa, Auta tana bayana. Maman 'Yan Biyu ta tsayar da Umma a jikin bango ta sa ta yin motsa hannun da nas ta koya musu, wato ta riƙa hawa bango da yatsu a hankali har inda hannu ya tsaya. Ta yi mata alama da alli, ta ce in ta dawo ba ta ga ta wuce nan ba, to za ta cire ta daga benci. Ana cikin dariya ta lura Auta ba ta kallon wajen gadon. Ta tambaya ko Umma ta ɗauke ta tun bayan aikin, Umma ta ce ai an hana. Maman 'Yan Biyu ta ce ɗagawa aka hana, ba a hana zama ba. Ta gyara mata zama, ta ɗora mata matashi a cinya ya tare ciki, ta ce in kwanto yarinyar in zaunar da ita ta ɓangaren hagu mai lafiya. Na ga Umma ta goge tafin hannunta a zane, ta gyara ɗankwali kamar wadda za ta yi baƙi. Na kwanto Auta na ɗora ta. Inna, ko zama ba ta yi ba. Ta sanƙare, ta fasa ihu, ta miƙo mini hannu biyu tana kiran Umma, Umma, idonta a kaina. Na tsaya kamar an dasa ni, ban iya miƙa hannu ba, ban iya fita ba. Umma ta ɗauke hannunta daga bayan yarinyar a hankali, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ɗauki 'yarki, ke take kira."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tun daga ranar ta daina zuwa jikin bango, allin yana nan inda aka bar shi. In 'Yan Benci sun kira sai ta kife wayar ta ce in ce tana barci. Abinci sai ta taɓa ta ture. Na ji tana gaya wa Baba wai son kai ne ya sa ta yarda da aiki na biyun, da ta haƙura da ƙirjinta yadda yake da yanzu tana goyon 'yarta. Ta ce ta sayi abin da ko taɓa shi aka yi ba ta ji, don wurin a mace yake kamar ba jikinta ba, ta ba da 'yarta mai rai. Baba ya ce ta daina irin wannan magana, yaro ne, zai manta. Ya ɗauki makullinsa ya fita. Na gwada duk abin da na sani. Na nuna wa Auta gadon na ce ga Umma can, ni Yaya ce, ta yi dariya ta ɗauka wasa ne. Na ba Umma alawa ta miƙo mata, ta karɓa da nesa ta gudo ta kawo mini in ɓare. Duk abin da na yi, ni take ƙara riƙewa.

Da na kai wa Mai Keke rigar Umma ta rage mata hannu, na tarar da Maman 'Yan Biyu a shagon. Na yi niyyar in ajiye in gudu, ta kamo hannuna ta zaunar da ni a kan buhun yadi. Na zaci faɗa za ta yi mini, sai ta ce in ɗago kaina, ba ni da laifi, yarinya ta kira wadda ta goya ta ne. Ta ce nata 'yan biyun ma haka suka yi mata, suka koma wa kakarsu, ɗaya ya dawo da wuri, ɗayan har yau in ya faɗi kakar yake nema. Na tambaye ta me zan yi, kuma ina jin wannan ce doguwar maganar da na taɓa yi da babba. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Su sun san yadda ake kwanciya da yadda ake wanka da ranar da ƙaiƙayi yake farawa, amma wannan likita bai koya wa kowa ba. Abin da za su iya kawai shi ne su riƙa zuwa ko Umma ta ɗauki waya ko ba ta ɗauka ba. Nan take suka raba safiya a tsakaninsu, kowace da ranarta, Mai Keke tana cewa a haɗa ta da Malama don a samu hannu biyu.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Muddin ina cikin gidan Auta ba za ta dubi kowa ba. Ko a bayi nake, a ƙofar take zama ta jira ni. Na ga babu abin da zan iya ba Umma, ba magani ba, ba magana ba, sai dai in matsa. Da Baba ya dawo na ce masa ina son in riƙa zuwa shagon Mai Keke da safe in koyi ɗinki, tunda matan za su riƙa zama da Umma. Ya yi mamaki, don ya san ba na son shiga mutane, amma ya amince. Umma ta dube ni ta ce, "Kin gaji da mu ko?" Ban ce a'a ba, Inna. Da na faɗa mata dalili cewa za ta yi in zauna, don ba za ta jure kukan yarinyar ba. Sai na bar ta da abin da ta zata.

Ki gaida mini Baba na wurinku da kyau, da Yaya Babba da matarsa, da Kaka in kin je wurinta, ki ce mata ina shafa wa Umma man da ta aiko a ƙafa kawai, don nas ta hana a sa komai a kan ɗinkin. Ki gaida ƙannena duka. Don Allah ki riƙa kiran ƙanwarki ko da ba ta ɗauka ba, kuma kar ki nuna mata kin san wannan maganar. Ki sa mu a addu'a.

Yau na fara fita. Malama ce ta zo. Na yi wa Auta wanka, na ajiye kwanon abincinta a kan gadon Umma ta ɓangaren hagu, na ɗauki mayafina. Ta biyo ni har ƙofa, Malama ta tare ta da hannunta mai lafiya. Na ja ƙyauren na tsaya a baya ina jin tana dukansa tana kirana da sunan nan. Na daɗe a wurin kafin in tafi. Da na dawo da azahar na tarar ta yi barci a ƙasa bakin ƙofar ɗakin Umma, rabin jikinta a ciki rabi a waje, kwanon ba a taɓa ba. Umma tana zaune a gefen gado tana kallonta, ba halin ta ɗauke ta. Ban san ko wannan hanya za ta kai ko'ina ba, wataƙila in rasa yarinyar Umma kuma ba ta samu ba. Na ɗauke ta na kwantar a kan gadon kusa da ƙafar Umma, na fita kafin ta farka. Gobe ma da safe zan tafi.

Wassalam.
'Yarki mai ƙaunarki.