Furar Baƙi

Litinin, 5 ga Afrilu 2010, Tasawa

Ɗakin otal kuma, ni da fanka mai kuka. Ƙungiyar da ta ɗauke ni aikin ba da shawara ta ce tun da soja suka karɓi mulki taimako ya ragu, ƙauyuka kaɗan za a kai wa hatsi. Ni zan nuna musu hanya, shugabarsu Madam ta zaɓa da idonta. Garinmu, can bayan Attantane, yana cikin waɗanda za a duba. Rabona da shi tun rasuwar Inna.

Laraba, 7 ga Afrilu

Na riga su zuwa. Rumbuna wayam. Anza ake ci, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Amma ni Gwaggo Ladi tabarmar baƙi ta shimfiɗa min, ta dama min fura, tana ce min “Hajiya”. Ni Furera, da ta goya!

Na roƙi Kawu Halilu, shi ne mai gari: don Allah gobe kada a yi girki, a buɗe musu rumbu su gani. Ya dube ni kamar na zage shi.

“Baƙo ya taka ƙofata ya koma da yunwa? Haka ake yi can Yamai?”

Alhamis, 8 ga Afrilu

Sun yanka akuyar da ta rage. Mata sun ciro zannuwan Salla, an shige da yaran da suka rame ɗaka. Fura har da nono, Allah kaɗai ya san gidaje nawa aka bi aka haɗa geron. Madam ta sha, ta ƙara, ta ce min a mota, “Ici, ça va.” Wai nan da sauƙi.

Wallahi kamar in yi ihu.

Talata, 13 ga Afrilu, Mayahi

Na yi wa ƴan ƙungiyar bayani har muryata ta dushe. Suka ce ai danginki ne, dole ki faɗi haka. A biro, wato ofis, ni ƴar ƙauye ce, a ƙauye ni baƙuwa. An cire garinmu.

Laraba, 14 ga Afrilu

Ba wanda ya kira ni. Ni ma wa zan kira?

Juma'a, 16 ga Afrilu

Na je na faɗa wa Kawu da bakina. Na shirya faɗa tun a hanya, har da “ai na gaya muku”. Sai ya ce:

“To, Allah na nan. Baƙin dai sun ƙoshi ko?”

Na ce sun ƙoshi, Kawu. Sai kuka ya ƙwace min, a gaban mutane, abin kunya.

Litinin, 19 ga Afrilu

Motar Yamai ta wuce ban shiga ba. Zan sake rubuta wa wata ƙungiyar, daga nan ma ana iya rubutu, shi ke nan dalili.

Yau Gwaggo ba ta shimfiɗa tabarma ba. Ta ce, “Ke Furera, tashi ki sauya wa anzar nan ruwa, kin zauna kamar baƙuwa.” Da rana ta turo min ƙwarya ɗaya da kowa. Ɗaci har cikin kunne.

Na cinye rabona tas.