Murfin Kwalbar Lesya

Yaya Balaraba,

Gaisuwa mai yawa daga Saskatoon. Ya ƙafar Inna, ya su Sabi'u? Ni lafiya lau, sai godiya.

Ran Asabar aka yi tattakin shekara na ƙungiyarmu ta masu amosanin gaɓɓai. Tun ba a haife ni ba tsohuwa Lesya da ƙawayenta suka kafa ta, suna sayar da kokwamba mai tsami a kwalabe don saya wa marasa lafiya sanduna. Su ke cika kwalaben, amma yatsunsu ba sa iya buɗe su. Shi ya sa har yau ba a fara tattaki sai wani mai lafiya ya buɗe kwalbar farko. Tun da na shiga a matsayin mai taimako, aikin nan nawa ne.

Bana na murɗa, murfi ya ƙi. Na goge hannu a wando, na sake. Ko motsi bai yi ba.

Sai Lesya ta ce, "Ɗana, kada ka ga laifin murfi. Tun bara nake kallon yadda kake riƙe kofi." Ta cire shuɗiyar hularta, irin ta masu ciwon, ta kifa mini. "Barka da zuwa! Mu ake fara zuba wa abinci." Aka yi ta dariya, har da ni.

Ba wani abu ba ne, Yaya, da safe ne kawai yatsun ke ɗan sandarewa. A aiko mini da man zafin nan na Inna. Ga hoto nan. In ta tambayi hular, ki ce mata ƙarin girma aka yi mini.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ɗanjuma