Ƙasar gidan Babanmu tana motsi, kuma ya hana ni faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Baure, ina digiri na biyu a fannin nazarin ƙasa. Aikina shi ne duba hotunan na'urar rada da ke jikin tauraron ɗan'adam, wadda ke auna motsin ƙasa ko da hadari ya rufe sama. Malamina ya ce kowa ya zaɓi wurin da zai bibiya, sai na zaɓi garinmu, don akwai wani kwazazzabo a bayan gidanmu da muka taso muna wasa a ciki.

Wallahi da na haɗa hotunan damina uku sai na ga abin tsoro. Gefen da gidanmu yake yana sulalewa zuwa kwazazzabon, da rani ya lafa, ana yin ruwa mai ƙarfi ya ci gaba, kuma bara ya fi sauri. Na je gida na duba da idona, katangar zaure ta tsage har hannuna na shiga, ƙofar ɗakin Inna ta daina rufuwa. A zauren nan matan unguwa suke ɗaukar karatu wajen Baba kullum bayan la'asar.

Na sami Baba na yi masa bayani cikin ladabi, ya saurare ni tsaf, ya ce a gidan aka haife shi, kuma ajali ba ya bin na'ura. Yayana kuwa cewa ya yi boko ya sa ina da'awar sanin gaibu. Da na ce zan sanar da mai gari, Baba ya ce in na tayar wa mutane hankali aka tashe su daga gidajensu, bai yafe min ba. Bai taɓa faɗa min irin wannan maganar ba.

Gaskiya ban san ranar da ƙasar za ta zaftare ba, malamina ma ya ce sai an je an auna a wurin. Amma damina ta kama, jiya Inna ta ce min awakinta sun ƙi kwanciya a bayan gida.

In je wajen mai gari in ɗauki fushin mahaifina, ko in yi shiru? In ku ne, ya za ku yi?